"Bona Fide": Kyakkyawar Niyya da Matsayinta a Kimiyya

Da wuya ɗalibi ya kammala jami'a a Nijeriya bai karɓi takardar da ta kira shi "bona fide" ba, wato ɗalibi na haƙiƙa wanda sunansa ke cikin rajista. Kalmomin biyu na harshen Latin ne. "Bona" na nufin mai kyau, "fides" kuwa amana ce ko riƙon alkawari. Saboda haka "bona fides" ita ce kyakkyawar niyya, "bona fide" kuma "da kyakkyawar niyya", abin da Bahaushe ke cewa da zuciya ɗaya. Kishiyarta ita ce "mala fide", wato da mugun nufi. A shari'ar Rumawa, ciniki da haya da tarayyar kasuwanci duk a kan wannan amana ake auna su. Daga baya ne Turanci ya faɗaɗa ma'anar ta koma "sahihi, ba jabu ba".

Wannan faɗaɗawa ta sa mutane da yawa suna ɗauka cewa duk abin da aka yi "bona fide" daidai ne. Alhali kuwa kalmar niyyar mutum take bayyanawa, ba ta tabbatar da sakamakon aikinsa. Tarihin nazarin asalin ɗan Adam ya nuna haka ƙarara.

A 1922 wani masani a Amurka, Henry Fairfield Osborn, ya bayyana cewa wani haƙori da aka tsinta a jihar Nebraska na wani tsohon biri ne mai kama da mutum. Aka koma wurin aka ci gaba da tono, sai ga shi haƙorin na wata dabba ce dangin aladen daji. A 1927 abokin aikinsa William King Gregory ya janye maganar a rubuce. Kuskure ne, amma da zuciya ɗaya aka yi shi, shi ya sa shekara 5 ta isa a gyara.

Labarin Piltdown a Ingila dabam ne. A 1912 Charles Dawson ya gabatar da ɓaraguzan ƙoƙon kai da muƙamuƙi, ya ce daga wani ramin tsakuwa suka fito. Sai a 1953 Kenneth Oakley da Joseph Weiner da Wilfrid Le Gros Clark suka tona asiri: ƙoƙon na mutum ne, muƙamuƙin na biri, an goge haƙoran da magagari, an kuma rina ƙasusuwan don su yi kama da tsofaffi. Binciken 2016 ya ɗora laifin a kan Dawson. A cikin shekaru 41 ɗin nan, ƙaryar ta taimaka wajen sa masana yin biris da ƙoƙon kan Taung na gaskiya, wanda Raymond Dart ya bayyana daga Afirka ta Kudu a 1925.

Abin lura shi ne Arthur Smith Woodward, masanin da ya mara wa Dawson baya, a bisa dukkan alamu ya gaskata ƙasusuwan har ransa. Kyakkyawar niyyarsa ba ta hana a yaudare shi ba, har ma sunansa ne ya sa jabu ya karɓu.

Saboda haka wajibi ne malaman kimiyya su raba abubuwan nan biyu a gaban ɗalibansu. Ɗalibin da gwajinsa ya ba da sakamakon da ba a zata ba, ya kuma rubuta shi yadda ya gan shi, ya cancanci yabo. Idan aka wulaƙanta shi, gobe zai koyi ƙirƙiro alƙaluman da za su faranta wa mai dubawa rai. Wanda kuwa ya zauna a ɗaki ya cika jadawali da lambobin da bai auna ba, ya ci amanar duk mai karanta aikinsa, kuma hukunci ya kamace shi. Haka nan, komai girman mai bincike da tsarkin zuciyarsa, a ba shi amana, amma a sake gwajin.