Sudan: Kowane mai shiga tsakani da nasa ɗan ɗaki

A Galabat, garin da ke kan iyakar Sudan da Habasha wanda alhazan Afirka ta Yamma suka raya tun kafin zuwan Turawa, ana gane makomar tattaunawar sulhu ne daga yawan masu tsallakawa zuwa Matama. Dubbai sun bi ta nan tun ɓarkewar yaƙi tsakanin sojojin Burhan da dakarun RSF ranar 15 ga Afrilun 2023.

Zaman Jidda da Amurka da Saudiyya suka shirya a Mayun 2023 takarda kawai ya haifar. A Nuwamban 2024 Rasha ta hau kujerar na-ƙi kan ƙudurin da Birtaniya da Saliyo suka gabatar a Kwamitin Sulhu.

Sai Satumban 2025, Amurka, Saudiyya, Masar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suka nemi a tsagaita wuta na wata uku. A nan gizo ke saƙa: Masar tana bayan sojoji, Khartoum kuma tana zargin Daular da bai wa RSF makamai, zargin da take musantawa. Oktoba bai ƙare ba El Fasher ta faɗa hannun RSF.