Baje-kolin Kaduna da Kano: Ina ribar mai ƙaramin shago?

Duk shekara, da zarar an buɗe Kasuwar Baje-koli ta Ƙasa da Ƙasa ta Kaduna, 'yan kasuwar Zariya kan yi ɗango zuwa filinta da ke Rigachikun. Ƙungiyar 'yan kasuwa da masu masana'antu ta KADCCIMA ce ke shirya ta, kuma a 2025 aka ci karo na 46. Sai dai akasarin masu ƙananan shaguna kan dawo ne da kalanda da takardun talla, bayan sun kashe kuɗin mota da na shiga, sun kuma rufe shago wuni guda. A halin da jari yake ciki yanzu, wannan asara ce.

A ɗauki misalin mai sayar da kayan noman rani a Samaru ko Sabon Gari: injin ban-ruwa, tiyo, fanfon feshi da iri. Masu sayensa su ne manoman Bomo da ke noma a gefen tafki, da na bakin Kubanni da Galma. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki Naira ta nemo wa kanta daraja a watan da ya biyo baya, kuɗin ban-ruwa ya ninka, farashin injin da ake shigowa da shi ya yi tashin gwauron zabi. Manoma da dama sun fara tambayar injin mai aiki da hasken rana. Shi kuwa mai shago yakan saro kayansa a hannu na uku ko na huɗu, kowane hannu ya yagi rabonsa. Baje-koli na daga cikin wurare ƙalilan da zai yi ido huɗu da wakilin kamfanin da kansa. Ribar zuwansa ita ce wannan hulɗar, domin ragin da zai samu a kan inji ɗaya ko biyu ba zai kai shi ko'ina ba.

Abin lura na farko shi ne lokaci. Baje-kolin Kano, wanda KACCIMA ke shiryawa a Titin Gidan Zu, yakan faɗo ne tsakanin Nuwamba da Disamba, daidai lokacin da manomin rani ke neman inji. Na Kaduna kuwa yakan zo a wajen Fabrairu zuwa Maris, rani ya yi nisa, damina na tafe. Saboda haka mai neman kayan ban-ruwa Kano ta fi dacewa da shi, Kaduna kuma ta dace da cinikin iri da taki da maganin feshi. Wanda ya juya lissafin zai ɗaure jarinsa a kan kanta har watanni.

Na biyu, ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ya bar gida, ya kamata ya rubuta kayan da aka tambaye shi a shago bai da su, da farashin da yake sarowa. Ya riƙe takardar rajistar Hukumar CAC da asusun banki mai sunan shagon, domin da wuya kamfani ya ba da wakilci ga wanda ba shi da su. A gaban rumfa kuma tambayoyinsa su zama na ɗan kasuwa: nawa ne farashin sari, mene ne mafi ƙarancin abin da za a ɗauka, garanti na wata nawa ne, kuma idan inji ya lalace a Bomo, ina kayan gyara, wa zai gyara? Araha ba ta ado. Injin da ba shi da shaidar Hukumar SON, ko irin da ba shi da tambarin hukumar kula da iri ta ƙasa, sunan shago zai ɓata.

Na uku, aikin yana farawa ne bayan an naɗe tabarmar baje-kolin. Wakilin kamfani ya gana da ɗaruruwan mutane. Wanda ya kira shi cikin mako guda da takamaiman oda shi zai tuna. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Mai shagon Samaru yana da abin da zai ja hankalin kamfani da shi: maƙwabtaka da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IAR da ta NAERLS a Jami'ar Ahmadu Bello, da manoman da suka saba karɓar sabon abu. Ya nemi a kawo inji a gwada a gonar wani manomi a gaban jama'a. Gani ya kori ji.

Masu shirya baje-kolin ma da nasu aikin. Ya dace a ware rana ta musamman da kamfanoni za su zauna da ƙananan dillalai, Hukumar SMEDAN ta shiga tsakani. Ƙungiyoyin kasuwar Sabon Gari da Samaru kuma za su iya haɗa odarsu wuri guda, su tura wakilai, don a saurare su a matsayin manyan masu saye. Ma'aikacin da ke shirin buɗe shago da kuɗin sallamarsa shi ma ya kwana da sanin cewa ranar da aka dawo ake fara lissafin ribar baje-koli.