Filin Mata: In Allura Ta Fara Suɓucewa

Zancenmu na wannan mako a kan wuya ne, amma daga hannu za mu soma.

Kukan ga tsohuwa allura tana ta suɓuce mata, ludayi ya faɗi daga hannunta, in ta tashi tafiya ƙafafu su sandare. Sai a ce tsufa ne, ko a ce iska ta taɓa ta, a shiga shafa mata mai a hannu da ƙafa. Sau da yawa kuwa hannun lafiyarsa lau. Cutar tana wuya, ko da wuyan ba ya yi mata zafi.

Ga yadda abin yake. Ƙasusuwan wuya 7 ne a jere, kowanne da rami, ramukan sun haɗu kamar bututu. Ta nan laka ta bi, kaurinta bai wuce na ƙaramin yatsa ba. In kika yi nufin ɗaukar allura, ƙwaƙwalwa ce ke aika umarni ta zaruruwan jijiya na cikin laka. Duk saƙon da za shi hannu ko ƙafa, ba shi da wata hanya sai wannan mashigi.

Tsakanin ƙashi da ƙashi akwai ɗan faifan guringuntsi, aikinsa kamar na gammo. Da shekaru suka miƙa sai ya bushe ya bultso, ƙashi ya yi tsiro, ramin ya ƙuntata, laka ta matsu. Zaruruwan jijiya da yawa suna da riga mai maiƙo wadda ke sa saƙo gudu. Matsin yakan ɓata rigar, ya kuma rage jinin da ke ciyar da laka. Sai umarni ya iso a makare, ko rabinsa ya ɓace a hanya. Yatsu sukan fara nunawa, domin aikinsu mai laushi ne.

To, sandarewar fa? Ƙwaƙwalwa ba kora kaɗai take yi ba, tana jan linzami kuma. In saƙon linzamin ya yanke, sai tsoka ta ɗaure da kanta. Shi ya sa in likita ya ƙwanƙwasa gwiwa, ƙafa takan zabura fiye da kima.

Dakon kaya mai nauyi a ka shekara da shekaru yana gaggauta lalacewar faifan nan. Ni dai ba na jin daɗin ganin 'yar shekara 10 da tulun babbar mace.

Kada ku bari a ja wuyan mai wannan ciwo ko a murɗa shi. A kai ta asibiti. Hoton da ake kira MRI shi ke nuna lakar kanta, kuma ana yin aiki a buɗe ramin. Aikin yakan tsai da cutar, amma zaren laka da ya mutu ba ya tohowa. In har fitsari ya fara kufce mata, kada a kwana.