Kafin a raba wa yara kwamfuta, a fara da malami

Duk lokacin da wata gwamnati ta tashi nuna cewa ta damu da ilimi, abin da ya fi saurin zuwa mata shi ne rabon kwamfutar hannu. A tara yara a fili, a miƙa musu kwalaye, 'yan jarida su ɗauki hoto, kowa ya watse. Ba wanda ke tambayar wa zai zauna da yaron ya koya masa. Darasin da ya fi shan wahala a irin wannan tsari shi ne na harshe, musamman Turanci, wanda rashin samun kiredit a cikinsa a WAEC ko NECO ke tare wa dubban 'ya'yanmu ƙofar jami'a.

Wasu ƙasashe sun riga mu gwada wannan hanya, kuma sakamakonsu a rubuce yake. A 2005 Nicholas Negroponte na jami'ar MIT da ke Amurka ya fito da shirin bai wa kowane yaro kwamfutarsa, mai araha, wadda aka yi fatan ba za ta wuce dala 100 ba. Har Najeriya an ɗanɗana shirin a makarantar firamare ta Galadima da ke Abuja. Ƙasar Peru ce ta rungume shi hannu biyu, ta sayi kwamfutoci sama da 800,000. Da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya bi diddigin makarantun karkara 319, rahotonsa na 2012 ya nuna cewa bayan wata 15 yaran sun iya sarrafa na'urar sarai, amma makinsu a darasin harshe da lissafi bai motsa ba. An kai kayan aiki, amma koyarwar malamai ba ta sauya ba.

Uruguay ta sayi irin waɗannan kwamfutoci tun 2007 a ƙarƙashin shirinta na Ceibal, sai dai ita ta yi wani tunani. Matsalarta irin tamu ce: ba ta da isassun malaman Turanci a firamare. Daga 2012, tare da British Council, ta shirya yadda sau ɗaya a mako ƙwararren malami zai bayyana a allon bidiyo kai tsaye, wani daga cikin ƙasar, wani daga Ajantina ko Filifin. Yana ganin yaran, suna ganinsa, yana tambaya suna amsawa. Sauran darussa biyu na makon kuwa malamar aji ce ke jan su, bisa jadawalin da suka tsara tare da malamin nesa. Da yawa daga malaman ajin ba su jin Turanci lokacin da aka fara, tare da ɗalibansu suka riƙa koyo. Na'urar ta ɗauko malami daga inda yake da yawa ta kai shi inda ake ƙarancinsa, ta kuma ɗaga darajar wanda ke cikin ajin.

A gida ma an ga alamar haka. A tsakiyar 2024 an yi gwajin mako shida a wasu makarantun sakandare na birnin Benin a jihar Edo, da tallafin Bankin Duniya. Bayan an tashi daga makaranta, ɗalibai kan zauna su yi atisayen Turanci da manhajar ƙirƙirarriyar basira, kuma sun zarce takwarorinsu a jarrabawar da aka yi musu. Masu yaɗa labarin sukan tsallake wani ɓangare: akwai malamai a ɗakin, su ke ba da batun da za a tattauna, su ke lura idan manhajar ta yi ƙarya, domin takan yi.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Harshe da baki ake koyonsa, a faɗa, a yi kuskure, a gyara, a sake faɗa. Yaron da ya tashi da Hausa yakan haɗa sautin p da f idan yana Turanci, saboda harshensa bai raba su ba. Malamin da ya fito daga cikinmu ya san wannan tun kafin yaron ya buɗe baki, ya kuma san yaron da kunya ke hana shi magana a gaban 'yan aji. Sannan manyan manhajojin ba da mu aka gina su ba. Duolingo na koyar da Suwahili da Zulu, amma ba shi da darasin Hausa, ba shi kuma da hanyar koyon Turanci ta Hausa. Google ya sa Hausa a manhajarsa ta fassara tun 2013, sai dai fassara na iya raba ɗalibi da aikin gida ba tare da ta sa masa kalma ɗaya a ka ba.

Malaman Islamiyya sun riga ma'aikatun ilimi gane bakin zaren. Ɗalibi ya karanta hadda ya tura da murya ta WhatsApp, malam ya saurara, ya gyara masa makhraji, ya mayar. Ba a sayi sabuwar na'ura ba, wayar da ke aljihu ce ta yi aikin, kuma malam na nan a matsayinsa. Malamin Turanci ko Faransanci ko Larabci na iya yin haka da ajinsa gobe.

Saboda haka ga shawarata ga kwamishinonin ilimi da shugabannin SUBEB. Kuɗin da za a sayi kwamfuta dubu da shi, a raba shi: allo ɗaya da lasifika da sola a kowace makaranta, data a wayar malami, sauran a zuba wajen horar da shi. A ɗauki ƙwararru daga manyan makarantun horar da malamai na Kano da Zariya da Sakkwato, a ba kowanne makarantun karkara da zai riƙa shiga ta bidiyo duk mako, a biya shi hakkinsa a kan kari. Duk ɗan kwangilar da ya zo da tallan na'ura kuwa, a tambaye shi awa nawa ya ware wa malamin aji, kuma wa zai gwada bakin yaran bayan shekara. In ba shi da amsa, a riƙe kuɗin.