Son ranka ba ma'auni ba ne, malam mai zaɓe

Kowa da fim ɗin da yake so, wannan ba abin faɗa ba ne. Abin da ke tafasa mini zuciya shi ne mutumin da aka damƙa wa amanar zaɓen fina-finan da za a haska a biki, sai ya ɗauki son ransa ya mai da shi mudun awo. Da ya ji an sako waƙa sai ya yamutsa fuska, wai kwaikwayon Indiya ne. Barkwanci kuwa shirme ne a wurinsa. Abin da ke burge shi bai wuce ƙauye mai ƙura, da mace tana kuka, da ɗan bindiga a bayan bishiya, da fassarar Turanci a ƙasan allo ba.

Mu mutanen Karofi da Kurfi ba a allo muka san 'yan bindiga ba. Manomin da tsoro ya raba da gonarsa ba ya neman a sake nuna masa baƙin cikinsa bayan sallar isha'i. A je rumfar mai cajin waya a Dutsin-Ma ranar kasuwa, a tsaya a saurara. Matasa da dattawa suna miƙa memori suna cewa a tura musu Labarina, a tura Izzar So, a haɗa da tsofaffin na Ibro. Rabilu Musa Ibro ya rasu tun Disambar 2014, har gobe da shi ake dariya a gidajenmu. Mai zaɓe ya taɓa zama ya tambayi kansa abin da mutumin nan ya iya?

An ce labarinmu kullum aure ne da kishiya. To, a 1972 da bikin FESPACO na Wagadugu ya fara ba da babbar kyautarsa, Oumarou Ganda na Nijar ne ya ɗauke ta, da fim a kan wani Alhaji da ya ƙaro mata ta uku. Alƙalan wancan lokaci ba su ce kishiya ƙaramar magana ce ba. Aikin suka duba.

Ban ce duk abin da Kannywood ta fitar tun Turmin Danya a 1990 mai kyau ne ba. Akwai na banza da yawa, ana jin iska tana kaɗa makirufo, labari kuma ya watse tun kafin rabi. A jefar da su saboda rashin inganci, ba don mai zaɓe ya tsani kiɗa ba.

Masu shirya bukukuwan fina-finai na KILAF a Kano da Zuma a Abuja, ga buƙatata. Ku zaunar da masu kallo na gaske cikin kwamitin zaɓe, har da mata, tunda su suka fi riƙe wannan kasuwa. Duk wanda aka mayar wa fim ɗinsa a ba shi dalili a rubuce. Sannan ku ɗauko abin da kuka zaɓa ku kawo Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ku haska, mai zaɓe ya miƙe a gabanmu ya amsa tambayoyi.