GUBAR DA BA TA DA WARI

Jama'ar zango, manya da yara, akwai wata magana da ke yawo tun da Gwamnatin Ghana ta bayyana niyyarta ta gina tashar lantarki ta atam, watau nukiliya, har a 2023 aka ambaci Nsuban, can Jihar Yamma, cewa nan aka fi so a kafa ta. Waɗansu suna cewa wannan zancen Turawa ne da 'yan boko, ba ruwan ɗan zango. Waɗansu kuwa suka ce abin da Allah ya ƙaddara ba makawa, sai a yi shiru. To, mu malaman makaranta ba mu yarda da ko ɗaya ba, ga kuwa dalilinmu.

Duk yaron da ya karanta Ishmawi a gabanmu ya san yadda ake gane ruwan da ya jirkita: a dubi launinsa, a ɗanɗana, a sansana. Gubar atam ba ta taɓa ko ɗaya cikin ukun nan. Sai ka ga ruwa garau, nono fari fat, alhali tana ciki. In ta shiga jiki da yawa takan lalata jini da ɓargo cikin 'yan makonni, in kaɗan ce ta kwanta shekaru sa'an nan ta fito da ciwon daji. Irin wadda ake kira siziyam sai ta shekara 30 kafin rabin ƙarfinta ya tafi. Ina dabarar ido da hanci a nan?

Masu cewa abin yana nesa, sun manta ne? Ran 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta fasa bom ɗinta na farko a Raggan, cikin hamadar Aljeriya, hamadar nan da hunturu ke ɗebo mana ƙurarta kowace shekara. Kwame Nkrumah bai ce ba ruwansa ba, nan da nan ya sa aka riƙe dukiyar Faransa da ke Ghana. Haka kuma da tashar Carnobil ta ƙasar Yukren ta fashe a 1986, iska da ruwan sama suka kai dafin har duwatsun Wales a Birtaniya, tafiyar fiye da mil 1,000, sai a 2012 aka ɗage wa makiyayan tumakin can doka. Iska ba ta neman fasfo.

Amma wanda ya fi kusa da ƙofarmu shi ne abin da ya auku a Goyaniya ta ƙasar Barazil cikin 1987. Mutum biyu suka shiga wani asibiti da aka yi watsi da shi, suka ciro wani ƙarfe mai nauyi, suka sayar wa mai sayen tsohon ƙarfe. Da dare ya ga wani gari a ciki yana haske shuɗi, ya yi murna, ya kai gida, ya rarraba wa dangi da abokai. Wata yarinya 'yar shekara 6 ta yi wasa da shi, ta ci abinci da hannun. Mutane suka yi ta amai, ana tsammanin abinci ne ya ɓata musu ciki, har mako biyu suka wuce kafin matar mai shagon ta ɗauki abin ta kai wa ma'aikatan lafiya. Mutum 4 suka mutu, har da ita da yarinyar. Aka auna mutum wajen 112,000, aka sami guba a jikin 249, aka rushe gidaje. Garin nan fa duka bai cika tafin hannu ba. Yanzu ku gaya mana, samari nawa ne daga Nima da zangon Kumasi ke tura amalanke suna tara tsohon ƙarfe, suna fasa shi da guduma?

Masu fakewa da ƙaddara kuwa, mun fi su son ƙaddara, gama rukunin imani ce. Amma Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, da ya ji annoba ta faɗa Sham ai juyawa ya yi da jama'arsa. Ko akwai wanda ya fi shi tawakkali a zangon nan? Tsare rai wajibi ne, ganganci kuma ba ibada ba ne.

Ba mu ƙi lantarki ba, mu ma duhu ya ishe mu. Abin da muke nema uku ne. Na farko, sarakunan zango da limamai su tambayi hukumar kula da sha'anin nukiliya, wadda aka yi dokarta a 2015, ta zo ta yi mana bayani da Hausa: ina za a binne sharar, wa zai tsare ta, in an yi haɗari yaya za a sanar da talaka? Na biyu, kowane mai sana'ar ƙarfe ya san alamar nan mai kunne uku kamar farfela bisa rawaya. In ka gan ta, kada ka fasa, kada ka ɗauka, ka nisanta, ka gaya wa 'yan sanda. Na uku, 'ya'yanmu su haɗa Larabci da ilmin kimiyya, domin ranar da za a auna ruwan zango ya zama namu ne ke riƙe da ma'auni.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kiyashe mu da sharrin abin da muke gani da wanda ba mu gani, amin. Wassalam.