An bar jaki ana dukan taiki: Idan kwamfutocin gida suka daina ganin juna

Kwanakin baya na kai ziyara gidan wani aminina a unguwar Farcha da ke gefen kogin Shari a Njamena, mutumin da ya daɗe yana sayen fata da ƙiraga a bakin babbar mayankar unguwar, yana loda su zuwa Kano ta hanyar Kuseri, Fotokol da Gamboru. Na same shi a zaure ya yi tagumi, sai ka ce wanda mota ta faɗi da kayansa. Da na tambaye shi ko lafiya, sai ya ce mani, "Malam, bashin shekara uku ne ya tafi a cikin awa biyu."

Ga yadda abin ya faru. Alhaji yana da kwamfuta babba a ɗakin da ya mayar ofis, a cikinta yaronsa ke rubuta duk wanda ya karɓi kaya da wanda ya biya. Babban ɗansa kuma yana da ta tafi-da-gidanka, da ita yake buɗe wannan lissafi daga cikin gida ko daga sito, sannan akwai firinta guda da dukansu ke aika mata takarda. Wata rana wuta ta ɗauke, kamar yadda ta saba, duk da cewa tashar samar da lantarkin a unguwar take. Da ta dawo, sai ƙaramar kwamfutar ta daina ganin babbar. Aka yi ta zagin kamfanin waya har yamma, daga nan aka kira wani mai gyara. Ya duba, ya ce ƙwayar cuta ce ta shiga babbar, maganinta fomat. Ya wanke ta tas, ya karɓi sefa 15,000, ya kama gabansa. Lissafi ya tafi, kuma abin takaici, kwamfutocin ba su fara ganin juna ba.

Wannan ne ya sa na ga ya dace in yi magana da 'yan uwana 'yan kasuwa, domin yanzu da wuya ka shiga gidan babban ɗan kasuwa a Njamena ko Kuseri ko Gamboru ba ka tarar da irin wannan haɗi ba, amma mafi yawanmu ba mu san bambancin abu biyu da muke kira da suna ɗaya ba. Mu nan mu ce "rezo", mutanen Nijeriya su ce "sabis". Alhali akwai hanyar da ke cikin gidanka, wadda ta haɗa kwamfutocinka da firinta ta cikin ƙaramin akwatin nan mai fitilu da ake kira rauta, akwai kuma hanyar da ta fita daga gidanka zuwa duniya, wato intanet, wadda kake saye daga Airtel ko Moov. Lokacin da aka rufe gadar Ngeli a 2020 saboda korona, an hana mu tsallakawa Kamaru ne, ba wanda aka hana fitowa daga ɗakinsa zuwa zaure. Haka nan a watan Oktoba na 2024, da wayar intanet da ta biyo ta Kamaru ta yanke ƙasar Chadi ta shiga duhu, duk wanda haɗin gidansa ke lafiya ya ci gaba da buɗe lissafinsa yana buga rasit. Saboda haka idan kwamfutar ɗanka ba ta ganin taka, ba a wurin kamfanin waya gizo ke saƙar ba, ko ka sayi data ta dubu nawa ba abin da zai canja.

Ni ba injiniya ba ne, amma na ga irin wannan matsala sau da dama, kuma abin da na lura shi ne yawancinta ƙanana ne. Ɗan kasuwa ya san cewa idan kuɗi suka ɓace, aljihu ake fara dubawa kafin a tafi ofishin 'yan sanda. To a nan ma haka ne.

A fara da wuta da waya. Rautar da aka sayo a Maiduguri ko Kano tana zuwa da kai mai baki uku irin na Ingila, soket ɗinmu kuwa mai rami biyu ne irin na Faransa, sai a haɗa su da ɗan adafta mai kwance-kwance wanda ko tsintsiya ta taɓa shi ya saki. A duba ko fitilunta na ci. Idan da waya aka haɗa kwamfutar, a duba inda wayar ta shiga, akwai 'yar fitila da ya kamata ta riƙa ƙiftawa. In ba ta yi, a zare wayar a hure ƙurar hunturu, a mayar har a ji ta ce ƙas, in ta ƙi a gwada wani ramin ko wata wayar. Gidan da ake ajiye fata ko hatsi ba ya rabuwa da ɓera, shi kuwa ba ruwansa da tsadar waya. Kuma irin wannan waya iyakarta mita 100, wanda ya ja ta fiye da haka zuwa sito sai ya sa wani akwatin a tsakiya. Wayifai kuwa, bangon siminti yana rage masa ƙarfi, ƙofar ƙarfe da kwantena sun fi kowa kashe shi.

Idan duk wannan lafiya, sai a zo kan lamba, kuma a nan nake so mai karatu ya natsu. Kowace na'ura da ke gidan tana da lambarta, kamar lambar shago a kasuwa, kuma rauta ce sarkin kasuwar da ke raba lambobin. Ganin lambar ba wuya: a danna maɓallin Windows tare da harafin R, a rubuta cmd, a baƙin allon da zai fito a rubuta ipconfig. Za a ga lamba mai kashi huɗu kusa da inda aka rubuta IPv4, alal misali 192.168.0.12. A yi haka a kwamfuta ta biyu. A haɗin gida, kashi uku na farko dole su zama iri ɗaya, na ƙarshe ne kawai zai bambanta. Idan ɗaya ta nuna 192.168.0 ɗayar kuma 192.168.8, to ba kasuwa ɗaya suke ci ba, ko da a kan tebur ɗaya suke. Idan kuwa ka ga lamba ta fara da 169.254, ma'anarta kwamfutar ta nemi rauta ba ta same ta ba, sai ta ƙirƙira wa kanta lamba. A koma kan waya da wuta, ko a kashe rautar a sake kunnawa.

Abin da ke kawo wannan rarrabuwa a gidajenmu shi ne yawan akwatuna. Akwai tsohuwar rauta, akwai 'yar ƙaramar wayifai ta aljihu mai layin waya a ciki, ga wayar hannun yara da ke raba data, tun 2025 kuma da Starlink ya fara aiki a Chadi wasu sun ƙara da nasa akwatin. Kowanne sarki ne mai raba nasa lambobin. Kuma abin da ya faru a gidan Alhaji ke nan. Da wuta ta ɗauke rauta ta mutu, ita kuwa kwamfutar ɗansa tana da batiri, sai ta nemi wani wayifai da ta sani, ta kama 'yar ƙaramar ta aljihunsa wadda ita ma batiri gare ta. Wuta ta dawo, ba ta koma gida ba. Intanet na aiki a cikinta lafiya lau, shi ya sa ba wanda ya yi zargin komai. Wani ɗalibi maƙwabcinsu da ke karatu a tsangayar kimiyya ta Jami'ar Njamena, nan cikin Farcha, shi ya gano haka washegari cikin minti biyar, bayan aikin gama ya gama.

Idan lambobi sun dace, a baƙin allon nan a rubuta ping, a bar fili, a rubuta lambar ɗaya kwamfutar. Sallama ce ake yi mata. In ta amsa, za a ga layuka ɗauke da lokacin da amsar ta ɗauka, hanya lafiya ke nan. In ba ta amsa ba, ba lallai hanya ce ta lalace ba, wataƙila mai gadi ne ya hana. Windows tana raba haɗi gida biyu, na jama'a da na gida, a allon Faransanci public da privé. Duk haɗin da ta ɗauka na jama'a ne, kamar na otal ko filin jirgi, sai ta ɓoye kanta, kuma da gaskiyarta. Matsalar ita ce idan aka canja rauta ko aka sake mata suna, takan ɗauki gidanka a matsayin otal. A mayar da shi na gida, a kunna ganin juna da raba fayil a wurin saitin haɗi, shi ke nan.

Akwai abubuwa biyu da suka shafe mu mu na bakin iyaka musamman. Na farko VPN. Tun lokacin da gwamnati ta toshe WhatsApp da Facebook daga Maris 2018 zuwa Yuli 2019, mutanen Chadi suka saba da shi, wasu har yau yana kunne a kwamfutarsu sun manta. Da yawa daga cikin irinsu idan suna aiki sukan hana kwamfuta ganin maƙwabciyarta ta cikin gida. A kashe shi a gwada. Na biyu kuma allon rubutu. Kwamfutar da ta zo ta Duwala ko Faransa jerin haruffanta daban da wadda ta zo ta Legas ko Kano: inda wannan ke da A waccan Q ne, inda ke da Z can W ne, kuma a ta Faransa sai an danne maɓallin manyan baƙaƙe kafin lambobin saman su fito. Kalmar sirri kuwa ɗige-ɗige take nunawa. Na taɓa ganin an kwana biyu ana rantsuwa an rubuta daidai.

Firinta ita ma tana da nata hali. Bayan ɗaukewar wuta rauta kan sake rabon lambobi, firinta ta sami sabuwa, kwamfuta kuma ta ci gaba da aika takarda tsohon shago. Maganin shi ne a sa mai gyara ya keɓe mata lamba ɗaya a cikin rauta, har da babbar kwamfutar da ke riƙe da lissafi.

Sai gargaɗi ga masu tsofaffin kwamfutoci na gwanjo. Wadda ke kan Windows XP, da Microsoft ta daina kula da ita tun 2014, tana magana ne da tsohon yare mai suna SMB1, wanda sababbin Windows suka daina zuwa da shi tun ƙarshen 2017. Mai gyara zai iya kunna maka shi su ga juna. Amma ta wannan tsagar ce ƙwayar WannaCry ta shiga a watan Mayun 2017, ta kulle fayilolin mutane a ƙasashe sama da 150, har da asibitocin Ingila, tana neman kuɗin fansa. Ni dai da in buɗe wannan ƙofa gara in sauke tsohuwar in ba yara su koyi rubutu.

To me ya sa masu gyara ke gaggawar yin fomat? Wasu rashin sani ne, ba shakka, sun koyi abu ɗaya suna yi wa kowace cuta. Amma in za mu faɗi gaskiya, mu ma da namu laifin. Idan yaro ya zo ya duba minti biyar ya ce Alhaji wayifai ne aka kama ba daidai ba, sefa 500 za mu miƙa masa mu ce ya sha ruwa, har mu ƙara da cewa ai ba abin da ya yi. Idan kuwa ya zauna awa biyu allo na ta gudu, ba ma jayayya da 15,000. Mun koya musu da hannunmu cewa gano cuta ba ya kawo kuɗi, ɓarna ce ke kawowa. Alhali mu ne muke biyan dillalin da ya kalli bijimi sau ɗaya ya faɗi nauyinsa, ba mu taɓa ce masa bai yi gumi ba.

Saboda haka shawarata ita ce a yi ciniki da mai gyara tun kafin ya taɓa komai: kuɗin dubawa daban, kuma mai kauri, ko ya gano cikin minti ɗaya. Kalmar fomat kuwa kada a yarda da ita a kan matsalar rashin ganin juna, domin kwamfutar da ke kunnuwa tana buɗe fayilolinta ba wanki take buƙata ba. In har ta kama dole saboda wani dalili, sai an kwafe lissafi a filash biyu, an buɗe shi a wata kwamfutar a gaban mai shi ya gani da idonsa. Kafin mai gyara ya tafi, ya rubuta a takarda sunan wayifai na gida, kalmar sirrinsa, kalmar shiga rauta, da lambar da ya keɓe wa firinta da babbar kwamfuta, a ajiye tare da takardun gida. Da yawa daga cikinmu mai gyara ne kaɗai ya san waɗannan, ranar da ya koma Mundu ko Abeshe sai a fara daga farko. Kowace Alhamis kuma a kwafi lissafi a filash a ajiye shi a wani gida, domin wanda ya ga ambaliyar 2022 da ta 2024 a Njamena ya san ba fomat kaɗai ke cin littafi ba. Wanda ke da hali ya sa wa rauta ɗan batirin ajiyar wuta, ba ta da ci, kuma da Alhaji yana da shi da kwamfutar ɗansa ba ta bar gida ba tun farko.

An kai babbar kwamfutar wajen wani da ya iya tono fayilolin da aka goge, ya samo kaɗan, sauran sabuwar Windows ta hau kansu, domin an ci gaba da aiki da ita kwana da kwanaki kafin a kai. Yanzu haka Alhaji yana bin abokan cinikinsa ɗaya bayan ɗaya, daga Kuseri har Gamboru, yana tambayar kowa nawa yake binsa. Ya ce mani wasu sun fito da nasu littafin sun nuna masa, wasu kuma sun ce sai sun tuna.